Manajan Haja da Darajar Zama Gaba da Gaba

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta shiga bakin ma'aikatan banki da na kamfanonin sadarwa, har da wasu na gwamnati, a Kano da Kaduna da Abuja, musamman waɗanda suka shekara biyar ko goma a kujera ɗaya, albashi yana tafiyar hawainiya, farashin kaya yana sukuwa. A kamfanonin fasaha da haruffa biyu ake kiran mai wannan sana'a, wato PM. Da Hausa ana iya ce masa manajan haja, domin manhajar waya ita ma haja ce da ake kasawa a kasuwa, wasu su taya, wasu su wuce ko kallo babu. Dalilin farin jininta a fili yake. Tana cikin 'yan ƙalilan ɗin manyan ayyukan fasaha da ba sa buƙatar mutum ya iya rubuta manhaja da hannunsa, kuma wanda ya ƙware yana iya yi wa kamfanin Legas ko na ƙetare aiki daga ɗakinsa. Tallan kwasa-kwasai kuwa ya cika LinkedIn da Instagram: mako shida, mako goma sha biyu, satifiket a ƙarshe, kuma ba sai mutum ya taka ƙofar gidansa ba.

Ma'aikacin da ke da albashi ɗaya, da iyali, da 'yan sa'o'i ƙalilan bayan tashi daga ofis, dole ya zaɓa. Ko dai ya sayi kwas na intanet ya riƙa bi da dare, ko kuma ya ƙara kuɗi, ya sadaukar da Asabar ɗinsa, ya je inda malami da ɗalibai za su zauna ɗaki ɗaya. Zaɓin ya rataya ne a kan sanin ainihin aikin, kuma a nan ne masu talla suka fi ƙarancin bayani.

Manajan haja ba ya rubuta manhaja, ba ya zana fuskarta, ba ya fita tallanta. Shi ne mai yanke shawarar abin da za a gina yanzu, da abin da za a jinkirta, da abin da ba za a taɓa ginawa ba, sannan ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Wuyar aikin ita ce, a mafi yawan kamfanoni, babu ko mutum ɗaya cikin masu ginin da ke ƙarƙashin ikonsa. Injiniyoyi suna da shugabansu, masu zayyana suna da nasu, sashen ciniki yana da burin da yake son cimmawa kafin ƙarshen wata, lauyan kamfani idonsa yana kan ƙa'idojin Babban Banki. Kowa da hujjarsa, kuma sau da yawa kowa yana da gaskiya. Shi zai zauna a tsakiya kamar dillali tsakanin mai saye da mai sayarwa. Bambancinsu kawai, dillali yana karɓar la'adarsa ya kama gabansa da zarar an ce an sallama, shi kuwa manajan haja da shi za a kwana a tashi idan kayan suka ƙi karɓuwa.

Aikin yana da ɓangaren da ke rubutuwa a takarda. Akwai tsarin rubuta bayanin abin da ake son ginawa, akwai hanyoyin jera buƙatu gwargwadon muhimmancinsu, akwai yadda ake karanta alƙaluma don a san mutum nawa suka shigo manhaja, nawa suka dawo bayan mako guda, a wane shafi suke gajiya su fita. Duk wannan yana intanet, yawancinsa kyauta, kuma an tsara shi fiye da yadda malami ɗaya zai iya tsara shi a aji. Mai ƙwazo zai sha shi cikin wata biyu. Duk wanda ya biya kuɗin mota da kuɗin aji don kawai a karanto masa waɗannan abubuwa daga majigi, an ci da guminsa. To amma da yake abin a buɗe yake ga kowa, kowa ya haddace shi. Mai ɗaukar aiki zai zauna da mutum ashirin, dukansu su kawo masa kalmomi iri ɗaya a jere iri ɗaya. Abin da yake nema ya gani shi ne yadda mutum zai yi idan aka ɗora masa matsalar da ba ta cikin bidiyo.

Tarihin sana'ar yana nuna inda ragowar ilimin yake. A ranar 13 ga Mayu 1931, wani matashin ma'aikacin kamfanin Procter & Gamble a Amurka, Neil McElroy, wanda ke aikin tallan sabulun Camay, ya rubuta wa shugabanninsa takarda mai shafi uku yana neman ƙarin ma'aikata. Sabulunsa yana fama da gasa, har daga Ivory, sabulun da kamfanin nasu ya fi ji da shi. Shawararsa ita ce kowace haja ta sami mutum guda da zai riƙe ta tamkar tasa. Daga wannan takarda ake yawan ƙirga asalin aikin manajan haja. Abin lura shi ne nauyin da ya ɗora wa wannan mutum: idan alƙaluma suka nuna ciniki ya yi rauni a wani yanki, ya tashi ya je can da ƙafarsa, ya gana da masu kantuna da masu saye, ya gano inda gizo ke saƙa. McElroy ya kai ga shugabancin kamfanin, ya kuma zama Sakataren Tsaron Amurka a 1957, amma a duniyar kasuwanci da waccan takarda aka fi tunawa da shi.

Kamfanin Toyota na Japan ya mayar da wannan ɗabi'a doka, kuma kowace mota tana da babban injiniya guda da ke riƙe da ita daga zane har kasuwa. Lokacin da aka ɗora wa Yuji Yokoya sake fasalin motar Sienna ta 2004, wadda kasuwarta Arewacin Amurka ce, sai ya nemi a bar shi ya tuƙa mota a can da kansa. Ya yi tafiyar mil 53,000, kimanin kilomita 85,000, a jihohin Amurka da lardunan Kanada da sassan Meziko. A kan gadar kogin Misisifi ya ji yadda iska ke kaɗa motar daga gefe. A ƙananan titunan Santa Fe ya ga wahalar juya ta. Ya kuma lura Amurkawa a cikin mota suke ci su sha saboda nisan tafiya, abin da ba a saba da shi a Japan ba, don haka aka yawaita wuraren ajiye kofi da kwalba. Irin wannan Sienna ce daga baya ta cika tashoshin motar Najeriya tana jigilar fasinja tsakanin Abuja da Kano, ko da yake Yokoya bai yi lissafin buhunan da za a ɗaure mata a baya ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan hujja ce ta zuwa wurin mai saye, babu ruwanta da zuwa aji. Mutum ai yana iya karatu a intanet da dare, da rana ya shiga kasuwa. Haka ne, sai dai shiga kasuwa daban, gani daban, kuma gani shi ma koyonsa ake yi.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar banki da ta gama kwas ɗinta na intanet, take son gwada wata dabara, manhajar da za ta taimaki 'yan kasuwa rubuta bashin da suke bin mutane. Ta shiga Kantin Kwari, ta sami wani mai shagon atamfa, suka gaisa, ta ce, "Alhaji, idan aka kawo maka manhajar da za ta riƙa rubuta maka bashi a waya, za ka yi amfani da ita?" Alhaji ya ce, "Me zai hana, Hajiya? Ai abu ne mai kyau. Allah ya taimaka." Ta rubuta cewa yana so. Ta tambayi mutum goma, tara suka ba ta irin wannan amsa, ta koma gida da murna. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ya faru a nan, muddin ba shi ne mai tambayar ba. Baƙuwa ta zo da abinta cikin mutunci, kuma ba a kunyata baƙo. "Ba laifi" da "za mu duba" da "Allah ya kai mu" kalmomi ne da ke ɗaukar i da a'a duka, sai mai kunne ya rarrabe.

Gogaggen manajan haja ba zai ambaci manhajar ba sam. Zai ce, "Alhaji, na ƙarshe da ya ɗauki kaya bai biya ba, yaya aka yi ka tuna masa?" Zai nemi ganin littafin. A nan zai iya tarar da cewa littafin yana hannun yaron shago, cewa akwai bashin 'yan'uwa da surukai da ba a rubutawa ko kaɗan don rubuta shi cin fuska ne, cewa Alhaji ba ya son jimillar abin da yake bin mutane ta zauna a wayar da kowa ke ɗauka. Kowane littafin koyon sana'ar ya hana yin tambayar da ke cusa wa mutum amsa a baki, kuma ma'aikaciyar bankin ta karanta wannan, za ma ta ci shi a jarrabawa. Abin da ba ta iya ba shi ne jin kanta a lokacin da take karya dokar. Sai in akwai wanda ya zauna gefenta a shagon, bayan sun fito ya ce mata, "Kin lura ya waiwaya ya dubi yaronsa kafin ya amsa miki? Yaron ya kamata ki tambaya." Gyara ɗaya irin wannan yana zama a kai har abada, kuma babu bidiyon da zai yi shi, tunda bidiyo bai ga Alhaji ya waiwaya ba.

Masanin kimiyya da falsafa Michael Polanyi ya yi dogon bayani a 1966 kan wani nau'in sani da ke jikin mai shi amma ba ya iya zayyana shi da baki, kamar yadda mutum ke gane fuskar abokinsa cikin taron dubu ba tare da ya iya faɗin yadda ya yi ba. Kasuwannin Kano sun daɗe suna aiki da wannan. Yaron shago yana shekaru a gaban maigidansa, kuma babu ranar da za a zaunar da shi a karanta masa darasin wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa. Yana gani, yana gwadawa, ana harararsa in ya yi kuskure, har ranar da za a sallame shi da jari. Haka ma a makarantun zaure, littattafan suna nan a kasuwa ga duk mai kuɗin saye, amma ɗalibi ɗauka yake ya kai gaban malami ya karanta, a tsayar da shi inda ya karkace. Hukuncin manajan haja daga wannan dangi yake.

Akwai kuma abin da ya fi sauraro wuya, wato cewa a'a. Rabin aikin manajan haja ƙin buƙatu ne, kuma masu buƙatun galibi sun girme shi a shekaru da muƙami. Shugaban sashen ciniki ya zo da wata buƙata don wani babban abokin hulɗa ya nema, injiniyoyi sun ce za ta ci wata biyu, alƙaluma kuma sun nuna mutum ƙalilan ne za su amfana. Dole a ƙi, kuma dole a ƙi ta yadda gobe shugaban zai sake amsa gaisuwa. Ga wanda aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai gaban na gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu sukan amsa komai da "to, ranka ya daɗe" har manhajar ta zama rumbun tarkace. Wasu kuma, da suka ji a bidiyon Amurkawa cewa manajan haja kamar shugaban kamfani yake a kan hajarsa, sukan shiga taro da ɗaga murya, su fito babu mai goyon bayansu. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata hanya siririya, wadda ta ƙunshi sautin murya, da lokacin yin shiru, da sanin wanda ya kamata a gani a keɓe kafin a shiga taro. Aji mai kyau wuri ne da ake gwada wannan ba tare da an rasa aiki ba. Wani ɗalibi ya zama shugaban da ya fusata, wani ya zama injiniyan da ya gaji, mai koyo ya tsaya a tsakiya gumi yana keto masa, sauran suna kallo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma a taron bidiyo na Najeriya rabin fuskokin a rufe suke don tattalin data. Shirun da ya biyo bayan magana ba a san ko na yarda ba ne, ko na fushi, ko sabis ne ya yanke.

Binciken masana bai saɓa wa wannan ba. Masana tattalin arziki uku a Amurka, Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais, sun duba injiniyoyin manhaja a wani babban kamfani mai gine-gine biyu. Kafin annobar korona, injiniyoyin da ke zaune gini ɗaya da dukan abokan aikinsu suna samun gyara da sharhi a kan aikinsu fiye da waɗanda aka raba su, da kusan kashi ɗaya bisa biyar. Abin mamakin shi ne ta kwamfuta ake rubuta sharhin a duka ɓangarorin biyu, amma zaman kusa ya sa ake yinsa da yawa. Da aka rufe ofisoshi, bambancin ya kusan gushewa. Waɗanda suka fi cin moriyar kusancin su ne ƙananan ma'aikata da mata. Binciken a kan injiniyoyi aka yi shi, amma darasin ya fi ƙarfi ga manajan haja, wanda aikinsa ba ya da na'urar da za ta nuna masa kuskure nan take. Kamfanin Google ma, wanda ba za a zarge shi da jahiltar intanet ba, lokacin da ya so horar da manajojin haja daga tushe a 2002 a ƙarƙashin Marissa Mayer, tsarin almajirci ya kafa: shekara biyu ana aiki na gaske a gaban gogaggu, har da tafiya ƙasashen waje a ƙungiya don ganin yadda mutane ke amfani da fasaha a inda suke. Bret Taylor, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Google Maps, ta wannan shiri ya bi.

Ga ma'aikaci akwai wata fa'ida da ba ta da alaƙa da falsafa, ita ce ta lokaci. A 2019 mujallar Science ta buga nazarin Justin Reich da José Ruipérez-Valiente kan kwasa-kwasan intanet na jami'o'in MIT da Harvard. Fiye da rabin waɗanda suka yi rajista ba su taɓa buɗe darasin ba, kuma a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai suka kammala. Cikin waɗanda suka biya kuɗin satifiket kuwa, kashi 46 ne suka kai ƙarshe, abin da ke nuna cewa zafin kuɗi shi kaɗai yana yin wani aiki, amma ko da shi fiye da rabi sun watsar. Wannan a duniya baki ɗaya ke nan. A ɗora masa rayuwar ma'aikaci a Kano: ya baro ofis bayan magariba, ya sha cunkoso, ya tarar an ɗauke wuta, ga baƙi a falo, ga ta'aziyyar da ba a je ba, ga ɗaurin aure ranar Asabar. Mutumin da ya shige ɗaki ya ƙura wa waya ido, a idon iyali da dangi ba ya yin komai, ana iya kiransa ko a aike shi. Wanda aka ce ya tafi makaranta kuwa yana da uzurin da al'umma ke girmamawa, ko surukinsa ba zai ji haushi ba. Aji yana saya wa ma'aikaci sa'o'in da ba zai iya ƙwatar wa kansa ba a gida. Ga kuma kunyar zuwa hannu rabbana gaban mutanen da suka yi nasu aikin, wadda ta fi kowace tunatarwar manhaja tasiri.

Su waɗannan mutane na gefe, su ne ɓangaren kuɗin makarantar da ba a rubutawa a rasit. Ajin ma'aikata ya bambanta da na 'yan jami'a. Wannan ya shekara takwas yana buɗe wa mutane asusu, ya san inda BVN da NIN ke maƙale wa ƙauyawa. Waccan ma'aikaciyar jinya ce, ta san dalilin da ya sa ba a cike fom ɗin kwamfuta a asibiti sai bayan an tashi. Wancan dilan taki ne. A lokacin shan shayi tsakanin darasi da darasi ake jin irin waɗannan abubuwa, babu wanda ya tsara su. Kuma da yake guraben masu farawa a wannan sana'a ba su da yawa, kamfanoni kuma suna ɗari-ɗarin miƙa hajarsu ga wanda ba su sani ba, shaida tana da nauyi. Satifiket yana cewa mutum ya kalli darussa. Abokin aji da ya gan shi yana kare shawararsa gaban masu suka, ya gan shi ya sauya ra'ayi da aka kawo hujjar da ta fi tasa, shi ne zai iya ambatar sunansa ranar da gurbi ya buɗe a kamfaninsu.

Duk wannan ba ya nufin kowane ɗaki mai kujeru makaranta ne. Akwai horon da ake yi a zauren otal, mutum ɗari, majigi, ruwan roba, hoton rukuni da satifiket a hannu. Wannan bidiyo ne da aka ƙara wa kuɗin mota. A gefe guda kuma, malamin da ke ganawa da ɗalibai shida ta bidiyo kowane mako, yana karanta aikin kowa yana mayar masa da gyara, ya fi wancan zaure kusa da abin da ake nema. Akwai ma abin da nesa ba ta ragewa. Nazarin da Melanie Brucks da Jonathan Levav suka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna masu ganawa ta bidiyo suna kawo sababbin dabaru ƙasa da masu zama ɗaki ɗaya, amma wajen zaɓen wadda ta fi cikin dabarun ba su gaza ba. Saboda haka kafin ma'aikaci ya biya, ya kamata ya tambaya: mutum nawa ne a ajin, malamin ya taɓa riƙe haja ta gaske har ta shiga kasuwa, wa zai karanta abin da ɗalibi ya rubuta, kuma sau nawa za a fita a gana da masu saye na gaske malami yana gefe. Idan amsar ta ƙarshe babu ce, to a ajiye kuɗin.

Sannan zama gaba da gaba yana da tsada, kuma tsadar ba ta faɗa wa kowa daidai. Wanda ke Gusau ko Nguru ba shi da ajin da zai je. Matar aure mai yara, duk da binciken can ya nuna mata suna cikin waɗanda suka fi amfana da kusanci, ita ce ajin bayan isha'i ya fi rufe wa ƙofa. Mai shirya horon da ya sa darasi ƙarfe takwas na dare ya riga ya zaɓi ɗalibansa tun kafin a buɗe rajista. Malamai ma suna biya, domin wancan binciken ya gano cewa gogaggun injiniyoyi aikinsu na kansu yana raguwa idan suna zaune kusa da masu koyo, saboda lokacin da gyara ke ci. Shi ya sa aji na ƙwarai ba ya yin arha kuma ba ya ɗaukar jama'a da yawa.

Ga Arewa maganar ta wuce ta ci gaban mutum ɗaya. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, mutanen da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba sun koma yi ala tilas, daga mai shayi har mai sayar da shanu. Manhajojin bankuna da dama sun riƙa tsayawa, kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa ga mai sayarwa ba, kuma a wannan lokaci ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka ƙara samun gindin zama a kasuwanni. Abin da ɗan kasuwa yake so bai wuce abu ɗaya ba, ya ga alat yanzu, kafin mai saye ya ɗauki kaya. A ƙarƙashin wannan akwai ƙananan matsaloli da sai mazaunin wurin ya san su: alat yana zuwa wayar maigida, maigida ya tafi masallaci ko yana hanyar Legas, yaro ba shi da ikon sakin kaya, mai saye yana tsaye. Ga masu alat na bogi. Ga dattijon da ya fi gane saƙon murya a kan rubutun boko. Ma'aikacin banki a Kano ya san duk wannan tun kafin a tambaye shi. Abin da ya rasa shi ne sana'ar mayar da wannan sani shawarar da injiniyoyi za su gina, kuma wannan sana'a hannu da hannu take wucewa, hannayen kuma mafi yawansu suna Legas. Muddin haka abin yake, za a ci gaba da gina wa Arewa manhajoji daga nesa, 'yan Arewa kuma a kira su a ƙarshe su fassara rubutun zuwa Hausa.

Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 a ƙarƙashin Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan 3, ya sa wannan sana'a cikin darussansa, kuma tsarinsa ya haɗa karatun intanet da haɗuwa ido da ido a cibiyoyin da ke jihohi. A takarda wannan shi ne rabon da ya dace, ilimin da ke rubutuwa a karɓe shi ta waya, lokacin haɗuwa a kashe shi kan gwaji da gyara. Ingancinsa a kowace cibiya ya danganta ga wanda ke tsaye gaban ajin. Wurare irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da Startup Kano su ma suna tara masu fasaha, kuma ko zama a irin waɗannan wurare ranar Asabar yana sa mutum jin yadda injiniyoyi ke magana a tsakaninsu, wanda shi ma yare ne da ake buƙata.

Akwai kuma ajin da ma'aikata da yawa ke wucewa ta ƙofarsa kullum ba su lura ba. Manyan bankuna da kamfanonin sadarwa suna da sashen da ke kula da manhajarsu, kuma manajojin haja da yawa ta cikin gida suka shigo sana'ar, daga sashen kula da abokan hulɗa ko na ciniki. Ma'aikaciyar reshe da ke karɓar ƙorafi kullum tana riƙe da abin da wancan sashe ke nema. Tana iya tattara ƙorafin wata uku, ta ware su gida-gida, ta rubuta shafi ɗaya kan matsalar da ta fi yawa da abin da take ganin ya kamata a gyara, ta aika wa manajan hajar, ta nemi ya ba ta minti talatin ranar da ta je hedikwata ko ranar da ya zo reshe. Mai yiwuwa shafin ya dawo mata cike da tambayoyin da ba ta yi tunaninsu ba: mutum nawa, tun yaushe, me zai faru in ba a gyara ba, wane aiki za a ajiye don a yi wannan. Sai ta koma reshe ta nemo amsoshin, ta sake rubutawa, ta sake kai masa.